Hukuncin Leƙen Asirin Jama'a da Tona Asirin Hukuma

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin ɓoye da bayyane, Wanda Ya suturta bayinSa, kuma Ya umurce su da suturta juna. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako yana kan wata mas'ala wadda ta ta da jayayya mai tsanani a Amurka da ƙasashen Turai, alhali kuwa malaman Musulunci sun daɗe da yin bayanin asalinta. Mas'alar ita ce: shin ya halatta hukuma ta sa ido da kunne a kan jama'arta gaba ɗaya, mai laifi da marar laifi, da sunan tsaron ƙasa? In kuwa ta yi haka a ɓoye, mene ne hukuncin ma'aikacinta wanda ya fito ya tona?

Ga yadda maganar ta taso. Ran 5 ga watan Yuni 2013, jaridar Guardian ta Ingila ta buga wata takardar umurni daga wata kotun asiri ta Amurka. Takardar ta tilasta wa kamfanin tarho na Verizon ya riƙa miƙa wa hukumar leƙen asiri ta NSA bayanin kiran da jama'a su ke yi ta wayoyinsa kowace rana, watau lambar mai kira, da ta wanda aka kira, da lokacin kiran, da tsawonsa. Ba a ware waɗansu da a ke tuhuma ba, kowa da kowa aka haɗa. Kashegari labarin wani shiri mai suna PRISM ya fito, wanda ta hanyarsa hukumar ke samun wasiƙu da saƙonnin mutane daga manyan kamfanonin intanet irin su Google da Microsoft da Facebook. Ran 9 ga watan, wanda ya fitar da takardun ya bayyana kansa daga Hong Kong. Sunansa Edward Snowden, ɗan shekara 29, ma'aikacin wani kamfani da ke yi wa NSA aikin kwangila a jihar Hawai. Daga baya aka ji cewa hukumar leƙen asirin Ingila, GCHQ, tana tatsar saƙonni daga wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, kuma a watan Oktoba na shekarar gwamnatin Jamus ta yi ƙorafi mai zafi bisa labarin cewa an sa kunne a wayar shugabarta ta lokacin, Angela Merkel.

Abin da ya ƙara wa al'amarin muni shi ne, wata uku kafin wannan, a watan Maris 2013, wani ɗan Majalisar Dattawa mai suna Ron Wyden ya tambayi shugaban hukumomin leƙen asirin ƙasar, James Clapper, a bainar jama'a, ko NSA tana tara bayanin miliyoyin Amurkawa. Clapper ya amsa da cewa ba ta yi, sai dai ko bisa kuskure. Da takardu suka fito ya rubuta wa majalisa ya yarda cewa amsarsa ba daidai ba ce.

Masu kare hukumar suna da hujjojinsu, kuma bai kamata a raina su ba. Suka ce ran 11 ga Satumba 2001 an kashe mutum kusan 3,000 a rana ɗaya, kuma maharan sun yi watanni suna zaune cikin jama'a suna buga waya ba wanda ya haɗa labarinsu. Rigakafi kuwa ya fi magani. Suka ce a shirin tarhon ba a sauraron maganar kowa, lambobi kurum a ke tarawa. Suka ƙara da cewa mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as, wanda bai ɓoye kome ba me zai tsorata? Lalle kare rayuka yana daga cikin manyan manufofin Shari'a, kuma shugaba makiyayi ne wanda za a tambaye shi game da kiwonsa. Shugaban da ya yi barci har maƙiyi ya shigo gari ya ci amanar da aka ba shi. Saboda haka ba a jayayya a kan wajibcin tsaro. Inda a ke jayayya shi ne hanyar da za a bi.

A cikin Suratul Hujurati, aya ta 12, Allah Maɗaukakin Sarki Ya hana muminai abubuwa uku a jere: yawan zato, da binciken asirin mutane wanda a ke kira tajassusi, da cin naman juna, watau giba. Malaman tafsiri sun lura da hikimar wannan jeri. Zato ne ke fara shiga zuciya, sa'an nan ya tura mai shi bincike don ya tabbatar, abin da ya binciko kuma shi zai kai kasuwa. Hausawa ma kan ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. A Suratun Nur kuma, aya ta 27 da ta 28, an hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, in aka ce wa mutum ya koma sai ya koma. Imamul Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi ga mai sauraron zancen mutane alhali ba su so, cewa za a zuba masa narkakkiyar darma a kunne ranar Alƙiyama.

Wani zai iya zaton wannan hani na talakawa ne a tsakaninsu, bai shafi mahukunta ba. Nassi bai bar wannan ƙofa a buɗe ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi ya gargaɗi Mu'awiya, Allah Ya yarda da shi, cewa idan ya bi diddigin aibobin mutane zai ɓata su, ko ya yi kusa da ɓata su. Mu'awiya kuwa shi ne ya zo ya riƙe mulkin Musulmi shekara kusan 20. A wata ruwayar kuma an ambaci shugaba ƙarara, cewa idan ya shiga neman abin tuhuma a cikin jama'arsa zai lalata su. An taɓa kawo wa Abdullahi ɗan Mas'udu wani mutum, aka ce ga wane nan gemunsa na ɗigar giya. Ya amsa cewa an hana su bincike, amma in abu ya bayyana gare su za su yi hukunci da shi. Haka kuma Abdurrazaƙ ya ruwaito cewa wani dare Sayyidina Umaru yana sintiri a Madina tare da Abdurrahman ɗan Aufu, suka hango fitila a wani gida, suka matsa, suka ji hayaniyar masu shaye-shaye a bayan rufaffiyar ƙofa. Umaru ya nemi shawarar abokin tafiyarsa. Abdurrahman ya ce a ganinsa su biyun sun riga sun afka cikin abin da Allah Ya hana, domin sun yi bincike. Sai Umaru ya juya ya bar su. (Labarin da ya fi yaɗuwa a bakin masu wa'azi, na haura katanga, malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma ma'anarsa ɗaya da wannan.) Abin lura a nan shi ne laifin gaskiya ne, mai ganinsa kuwa shi ne Sarkin Musulmi da kansa, duk da haka hanyar da aka bi aka gano shi ta hana a yi hukunci.

Wannan ba ya nufin Musulunci bai san aikin magewaya ba. A yaƙin Gwalalo, shekara ta 5 bayan Hijira, cikin wani dare mai tsananin sanyi da iska, Annabi ya aiki Huzaifa ɗan Yamani ya shiga sansanin Ƙuraishawa ya kawo labarinsu, ya kuma gargaɗe shi kada ya yi abin da zai tunzura su. Huzaifa ya isa har inda ya ke ganin Abu Sufyanu yana jin ɗumin wuta, ya ɗana kibiya, sai ya tuna da umurnin da aka ba shi, ya mayar da ita kwari. An aike shi a kan rundunar da ta zo yaƙi, an yanka masa iyaka, ya tsaya a kanta ko da ya ke ga ganima a gabansa.

Labarin Hatibu ɗan Abu Balta'a ya fi wannan kusa da mas'alar, domin shi a cikin gida abin ya faru. Sa'ad da a ke shirin buɗe Makka a shekara ta 8, Hatibu ya rubuta wa Ƙuraishawa takarda yana ba su labarin shirin, ya ba wata mace ta kai. Allah Ya sanar da ManzonSa, shi kuwa ya aiki Aliyu da Zubairu da Miƙdadu, ya gaya musu wurin da za su same ta, watau Raudatu Khakh, da abin da ta ke ɗauke da shi. Ta yi musu, suka matsa mata, ta ciro takardar daga cikin kitsonta. Mai karatu ya duba da kyau: mace ɗaya, wuri ɗaya, takarda ɗaya, bayan labari tabbatacce. Ba a tsare ƙofofin Madina an kwance kayan kowane matafiyi ba, ba a kuma sa a buɗe wasiƙun sauran Muhajirai ba, ko da ya ke da yawansu suna da dangi a Makka kamar Hatibu.

A kan irin waɗannan dalilai Imamul Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, ya gina ƙa'idarsa a cikin littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya, a babin aikin muhtasibi. Ya bayyana cewa muhtasibi ba shi da ikon binciken laifin da bai bayyana ba. Ya togace hali ɗaya, shi ne inda alamu suka nuna, ko amintaccen mutum ya ba da labari, cewa ana gab da aikata ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar a ce wani ya keɓe da wani don ya kashe shi. A nan ya halatta a yi bincike a kutsa, don a riga ɓarnar. Abin da bai kai wannan ba kuwa, ba a yaye masa labule. Watau dai alama ce ke fara zuwa, a kan mutum sananne, game da cuta mai girma, sa'an nan bincike ya biyo bayanta gwargwadon larura.

Shirin da Snowden ya tona ya juya wannan tsari ne ƙasa ta koma sama. An fara da tara bayanin kowa, aka ajiye shekara da shekaru, da fatan wata rana za a tsinci alama a ciki. Da a ce ya yi amfani ma, da sai a ce larura ce. To, a watan Janairu 2014 wata hukuma da dokar Amurka ta kafa don duba irin waɗannan ayyuka ta ba da rahoto cewa ba ta ga ko misali ɗaya ba inda shirin tarhon ya sake sakamakon binciken wata barazanar ta'addanci ga ƙasar. A watan Mayu 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa dokar da a ke fakewa da ita ba ta ba da wannan izini ba, a watan Yuni majalisa ta yi sabuwar doka ta hana hukumar tara bayanin tarho ta wannan hanya, a 2020 kuma wata kotun ɗaukaka ƙarar ta sake tabbatar da cewa shirin ya saɓa wa doka. Wannan fa bai rufe sauran hanyoyin ba; sashen dokar da PRISM ya dogara a kansa an sabunta shi a 2018, aka kuma sake sabunta shi a 2024.

Batun cewa lambobi kurum a ke tarawa, wannan magana ce mai sanyaya zuciyar wanda bai yi tunani ba. A ɗauka wani ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan mutum dare da rana, bai taɓa leƙa cikin zaure ba, amma yana rubuta sunan duk mai shiga da fita, da sa'ar da ya zo, da daɗewar da ya yi. Kafin wata ya ƙare zai san wanda ke bin maigidan bashi, da gidan da ya ke neman aure, da ranar da aka kira likita da tsakar dare. Ba mai hankalin da zai ce wannan mutum ba ya bincike. Haka nan karin maganar mai kaza a aljihu ba ta shiga nan. Mutum yana rufe ƙofar ɗakinsa ba don yana aikata laifi a ciki ba. Ciwonsa, da talaucinsa, da saɓaninsa da iyalinsa, duk halal ne, kuma duk al'aura ne da Shari'a ta ba shi ikon suturtawa.

Amma ɓata jama'a da hadisi ya ambata, Musulmin Amurka sun gan shi da idonsu. A 2011 kamfanin dillancin labarai na AP ya tona cewa 'yan sandan birnin Niyu Yok sun kafa wani sashe na 'yan sandan ciki wanda ke bin masallatai da gidajen abinci da kantuna da ƙungiyoyin ɗaliban Musulmi, yana rubuta wanda ya zo da abin da aka faɗa, ba tare da ana tuhumar kowa da laifi ba. A 2012 wani babban jami'insu ya yarda, bayan an rantsar da shi, cewa a cikin fiye da shekara 6 aikin sashen bai kai ga buɗe binciken ta'addanci ko ɗaya ba, a 2014 aka rushe shi. Abin da ya bari shi ne tsoro: waɗansu suka rage zuwa jam'i, ɗalibai suka daina tattauna al'amuran duniya a tarukansu, baƙo in ya shigo masallaci sai a riƙa kallonsa a kaikaice, har sabon shiga Musulunci ya zama abin zargi maimakon abin murna. A jihar Kalifoniya kuwa, tsakanin 2006 da 2007, hukumar FBI ta tura wani mutum mai suna Craig Monteilh cikin masallatai da sunan ya musulunta. Ya yi ta jan matasa da zancen tashin hankali har jama'ar wani masallaci a garin Irvine suka tsorata da shi, suka kai ƙararsa wurin FBI ɗin da ta aiko shi, suka kuma karɓo takardar kotu ta hana shi zuwa masallacinsu.

Huzaifa ɗin nan da ya shiga sansanin maƙiya, shi ne kuma aka gaya wa a zamanin Sayyidina Usmanu cewa akwai wani mutum da ke kwasar zancen jama'a yana kai wa Halifa. Ya amsa da hadisin da ya ji daga Annabi, cewa annamimi ba zai shiga Aljanna ba. Wanda a ke kai wa zancen Usmanu ne mai kunya da adalci, duk da haka Huzaifa bai ga uzuri ga mai kaiwa ba.

Saura hukuncin mai tonawa, kuma nan ne mas'alar ta fi wuya. Asali dai ma'aikaci amintacce ne a kan asirin aikinsa, ciki kuwa ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Aikin Hatibu laifi ne babba, har farkon Suratul Mumtahana ya sauka a kansa, domin ya miƙa asirin rundunar Musulmi ga maƙiyanta. Amma akwai wani labarin a gefe guda. Zaidu ɗan Arƙamu, yana yaro, ya ji Abdullahi ɗan Ubayyu, babban mutum a Madina, yana zuga mutanensa a wata tafiyar yaƙi cewa su daina ciyar da waɗanda ke tare da Annabi, yana kuma barazanar korarsu in an koma gida. Zaidu ya gaya wa baffansa, magana ta kai ga Annabi. Ɗan Ubayyu ya rantse bai faɗa ba, aka gaskata babba aka ƙaryata yaro, Zaidu ya shige gida cikin baƙin ciki, har Suratul Munafiƙuna ta sauka ta gaskata shi. Shi ma zance ya ɗauka daga majalisi ya kai gaba, amma ba wanda ya kira shi annamimi, domin abin da ya kai cuta ce ga al'umma, ya kai ta inda za a magance ta, bai kuma ƙara kome a kai ba. Imamun Nawawi, inda ya lissafa wurare 6 da ambaton aibin wani ya halatta, ya sa kai ƙarar zalunci da neman taimako don gusar da abin ƙi a cikinsu. Amana ba ta zama igiyar ɗaure mutum ya yi shiru a kan saɓo, balle in mai saɓon shi ne wanda aka ba amanar jama'a.

In aka auna Snowden da wannan ma'auni, sai a ga in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da ya tona game da tarhon jama'a gaskiya ne, kotunan ƙasarsa sun tabbatar da haramcinsa, kuma ba don shi ba da shari'ar ba ta yiwu ba, domin a watan Fabrairu 2013 Kotun Ƙoli ta kori wata ƙara irin wannan bisa dalilin cewa masu ƙarar ba su iya nuna an leƙa asirinsu ba. A wannan ɓangare ya fi kusa da Zaidu. Amma ya kwashi takardu masu yawan gaske fiye da wannan batu. Wani kwamitin Majalisar Wakilai ya ce a 2016 sun kai miliyan 1.5, kuma mafi yawansu sun shafi aikin soja da leƙen asirin ƙasashen waje, ko da ya ke shi ya musanta rahoton, ya ce 'yan jarida ya danƙa wa takardun don su tace. Ko ta yaya, larura ana ƙaddara ta ne da gwargwadonta, abin da ya wuce bukatar gusar da zaluncin yana nan a kan asalinsa na amana.

An kuma zarge shi da cewa bai bi ta hannun manyansa ba. Wannan sharaɗi ne na gaskiya, domin nasiha a asirce ita ce matakin farko. Sai dai wanda ya kafa sharaɗin wajibi ne ya bar ƙofar a buɗe. Kafin Snowden, waɗansu ma'aikatan NSA, William Binney da Thomas Drake, sun kai kukansu ta hanyoyin cikin gida. A 2007 aka kai samame gidajensu, a 2010 aka tuhumi Drake a ƙarƙashin dokar leƙen asiri ta 1917 bayan ya yi magana da wata 'yar jarida, a 2011 manyan tuhumomin suka rushe bayan an riga an raba shi da aikinsa. Wanzami ba ya son jarfa: hukumar da ta ce marar laifi ba ya tsoron a duba shi, ita ce ta fi kowa ƙin a duba ta. Kotun asirin da aka kafa a 1978 don ta tsare iyakar aikinta, bayan kwamitin Sanata Frank Church ya bankaɗo ɓarnar hukumomin leƙen asiri a 1975 da 1976, ta yi shekaru tana jin ɓangaren gwamnati kaɗai. Daga 1979 zuwa 2012 an kai mata buƙatu fiye da 33,000, waɗanda ta ƙi gaba ɗaya ba su kai 20 ba. Alƙalin da bai ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba, hukuncinsa yana da rauni ko da shi adali ne.

Snowden ya bar Hong Kong ran 23 ga Yuni 2013, gwamnatinsa ta soke fasfonsa, ya maƙale a filin jirgin saman Mosko fiye da wata ɗaya kafin Rasha ta ba shi mafaka, a 2022 kuma ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Masu sukarsa suna cewa mai gaskiya ba ya gudu, ya kamata ya tsaya gaban alƙali. Shi kuwa ya ce zai koma in za a bar shi ya gaya wa kotu dalilin da ya sa ya aikata, domin a shari'o'in da aka yi a ƙarƙashin dokar 1917, wadda da ita aka tuhume shi, alƙalai ba su karɓi hujjar cewa an tona ne don amfanin jama'a ba. A nan fiƙihu yana da abin cewa. Sa'ad da aka kawo takardar Hatibu, laifi ya tabbata, Umaru ya nemi izinin sare wuyansa, amma Annabi ya fara da tambayarsa abin da ya kai shi ga haka. Hatibu ya ce iyalinsa na Makka ba su da dangin da zai kare su, ya so ya sami wata alfarma wurin Ƙuraishawa saboda su, ba don ya bar addininsa ba. Annabi ya gaskata shi, ya tuna wa Umaru cewa mutumin ya halarci Badar, aka kuma bar shi da ransa.

Allah ne Mafi sani.